Kwanon da Yake Dawowa Tas

A unguwar Takur da ke Dutse, duk wanda ya taɓa cin abincin Inna Rabi'atu ya san halinta. Ba ta miƙa wa mutum kwano ta juya baya. Sai ta jawo 'yar kujerarta ta zauna a gabanka, ta zuba tagumi, ta kafa wa bakinka ido har ka haɗiye lomar ƙarshe. Jikokinta sun saba, ko a jikinsu. Surukinta kuwa, mijin autarta Zakiyya, bawan Allah har yau ƙwarewa yake yi, shi ya sa ya koma cin abincin rana a wajen aiki. Maƙwabta suna cewa rikicin tsufa ne. Wane tsufa, matar da ko furfurar kirki ba ta gama yi ba? Abin yana da mafari, kuma mafarin ba shi da daɗin ji.

Ita ba 'yar birni ba ce. A wani ƙauye na ƙasar Miga aka haife ta, a can ta yi aure, a can ta haifi 'ya'yanta, kuma da son ranta ne da a can za ta ƙare. Tun tana budurwa aka san ta da hannun girki. Irin matan nan ne da za a ba su kuka da daddawa da ɗan gishiri kawai, su kaɗa miyar da sai ka suɗe hannu. Mijinta Malam Sale manomi ne, gero da dawa da wake da ɗan riɗi, idan rani ya yi kuma ya zauna a zaure yana tufkar igiya. Dogo ne mai yawan dariya, kuma yana da hali ɗaya da kowa ya shaide shi da shi: bai iya cin abinci shi kaɗai ba. Ko gyaɗa ce cikin tafin hannu sai ya leƙa waje ya ga wa zai kira.

A ƙauyensu magidanta ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Da an sallame Magariba kowa zai ɗauko kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiyar da ke ƙofar gidan Malam Sale, a buɗe kwano ɗaya a taru a cinye, a jawo na gaba. Ciyayya ke nan, kuma tana da ladubbanta. Ba a kallon bakin wani. Ba a cewa wane ya ci da yawa, wane ya ci kaɗan. Sannan ba a mayar wa mace kwanonta da saura, domin cin fuska ne, kafin gari ya waye duk matan unguwa sun ji cewa tuwon wance ya yi kwantai.

Kwanon Rabi'atu bai taɓa kwantai ba. Shekara talatin da ɗoriya tana cika shi, tana rufewa, tana ajiyewa a zaure, Malam Sale yana ɗauka ya fita, ya dawo mata da shi kamar an wanke. A duk shekarun nan ba ta taɓa ganin mijinta yana cin abinci ba, in ban da goro da rake. Koko da safe a zaure, fura da rana a zaure, tuwo da dare a ƙofar gida. Bai taɓa zo mata a rai cewa wannan wani abu ne ba, don haka ta ga uwarta ta yi da ubanta.

Ciwon ya faro da murɗar ciki da ta ƙi jin jiƙo. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa Zakiyya ta matsa aka kawo shi asibiti a Dutse, daga nan aka tura su Kano. Can aka faɗi sunan abin, ciwon daji ne a hanji. Aka yi masa aiki aka yanke abin da za a iya yankewa, aka ce saura sai da wani magani da ake sawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa, duk bayan 'yan makonni. Amma kafin a sa sai an ɗebi jininsa an auna, an ɗora shi a sikeli. In jini ya yi ƙasa ko jiki ya zube ba a sawa, don maganin kansa yana iya kayar da mutum.

Wata nas mai suna Nuriyya, 'yar gajeruwa mai saurin baki, ita ta ja Rabi'atu gefe ranar da aka sa na farko.

"Inna, ke ce mai dafa masa?"

"To wa kuma, 'yar nan? Ni kaɗai gare shi."

"To rabin maganin nan a hannunki yake. Mu namu kashe ciwo, ke naki riƙe masa jiki. Ƙwai, wake, kifi, hanta, kaza in da hali, zogale, kunun gyaɗa, nono amma tafasasshe. Ki rage yaji, ki yi masa mai laushi. Zai ce ba ya so, zai ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake yi masa. Kada ki biye masa. In ya daina ci, mu ma hannunmu ya ɗaure."

Rabi'atu ta dawo gida kamar wadda aka yi wa naɗi. Tunda aka fara maganar ciwon nan kowa yake da abin yi, likita da wuƙarsa, Zakiyya da wayarta, liman da addu'arsa, ita kaɗai ce take zaune tana murza zani. Yau an ce magani yana cikin tukunya. To, in dai tukunya ce, ai an zo gidan.

Ta sauya girkinta gaba ɗaya. Wake ta jiƙa ta surfe ta yi fate mai laushi, ta fasa ƙwan zabi a ciki. Tuwon ta sassauta shi yadda ko jariri zai haɗiye. Miyar ta daina ganin barkono, ta koma romon kaza da zogale da ɗan man shanu. Kunun gyaɗa ta dama da nonon da ta tafasa da hannunta, don ba ta yarda da tafasar kowa ba. Kajin da ta tara shekara da shekaru, waɗanda ko baƙo ya zo sai ta yi dogon tunani kafin a taɓa ɗaya, suka riƙa shiga tukunya bi da bi. Mafi kyawun abin duk a kwanon dare take zubawa, tunda shi ne abincin mai gida.

Shekarar kuwa hatsi ya yi tashin gwauron zabi. Kwanukan da ake fitowa da su gindin darbejiya sun rame kamar masu su. Wani tuwo ne da miyar da za ka hango gindin kwano ta cikinta, wani dafaffen rogo, wani ma butarsa kawai yake zuwa da ita ya ce yau an makara a gida. A cikin wannan hali sai ga kwanon Rabi'atu yana fitowa da ƙamshin da tun sallar layya ba a ji irinsa ba.

Kullum kwanon yana dawowa tas. Ta kan ɗaga murfin a zaure ta leƙa, ta ce alhamdulillahi, ta kwana da farin ciki. In ta tambaye shi, "Malam, ya bakin?" sai ya ce, "Da sauƙi, Rabi. Allah ya yi miki albarka." Tana ganin wuyansa yana ƙara tsawo, riga tana yi masa yawa, ta ce ai maganin ne, an faɗa musu yana da ƙarfi.

Da suka koma Kano aka ɗora shi a sikeli, Nuriyya ta dubi allurar sikelin ta dubi Rabi'atu.

"Inna, yana ci kuwa?"

"Cinyewa yake tas, wallahi. Ko ɗauraya kwanon ba ya buƙata."

Malam Sale yana zaune a gefe yana kallon fankar sama. Aka sa masa maganin a wannan zuwan. A zuwa na gaba aka yi ta shawara kafin a sa. A na bayansa likita ya girgiza kai ya ce jinin ya yi ƙasa da yawa, su koma gida a ƙara masa abinci, su dawo a sake aunawa. A mota Rabi'atu ta yi ta kuka a cikin mayafi, kukan baƙin ciki da na kunya, don gani take an ce girkinta ne bai isa ba.

Ta ninka ƙoƙarinta. Har kazar da take kwanci ta sa aka yanka. Akuyarta ta bi hanyar kasuwa, ta dawo a matsayin hanta da busasshen kifi. Kwano ya ci gaba da dawowa tas, mutum ya ci gaba da narkewa, ita kuma ta rasa inda za ta sa kanta.

Wata rana da yamma Safiyatu ta shigo, matar Malam Yahuza, aminin Malam Sale tun suna kiwon awaki. Mace ce mai fara'a, bakinta ba ya riƙe komai. Ta zauna a bakin murhu tana dariya tun kafin ta fara magana.

"Yaya Rabi, yau koyo na zo. Malam ya hana ni sakat. Wai wani faten wake da kike yi da ƙwai, wai in ban iya ba in zo ki koya min. Kin ga kumatunsa kuwa? Mutumin da ya bushe kamar kara, yanzu har wani sheƙi yake. Ya ce su duka kwanonki suke jira, sauran na rakiya ne."

Rabi'atu tana tuƙa tuwo, sai muciyar ta tsaya a hannunta.

"Shi kuma mai kwanon fa?"

"Wa? Malam Sale? Oho, ai kin san maza, wa yake kallon wani?"

A ranar da Magariba ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Ta laɓe a zaure, ta sa ido a tsagar ƙyaure. Da sauran haske. Ta ga mijinta ya buɗe kwanon da hannunsa ya tura tsakiya yana cewa bismillah. Hannaye suka shiga. Nasa ma ya shiga, ya gutsuro 'yar loma, ya mulmula, ya dangwala a miya, ya kai kusa da baki, ya kawar da kai kamar wanda wari ya buga. Lomar nan ita ce a hannunsa har aka cinye. Yana ta ba da labari, ana ta dariya, ya ɗauki cinyar kaza ya ajiye a gaban wanda ya zo da buta kawai. Da aka gama ya saki lomar a bayansa, wata mage ta ɗauke. Malam Yahuza ya suɗe kwanon da yatsa, don girmama matar amininsa.

Ta zauna a kan igiyoyin da yake tufka. Watanni ke nan tana ciyar da unguwa, mijinta yana mutuwa da yunwa a tsakiyar abincinta.

Da safe ta kai masa koko zaure, ta ƙi tafiya.

"Malam, jiya na gan ka."

Ya yi ɗan murmushi. "Leƙe kika koma, Rabi?"

"Kada ka mayar da ni abin wasa. Magani ne fa! Ba ka ji abin da yarinyar nan ta asibiti ta ce ba? Kajina, akuyata, duk a cikin waɗansu suka tafi, kai kana riƙe da loma ɗaya. Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"In faɗa miki me? Abincin ba ya wucewa. Ƙamshin ma tayar min da zuciya yake. To in ni ban iya ci ba, sai a zubar? Ga mutane da yunwa."

"Sai ka shigo ciki ka ci kaɗan-kaɗan, ina zaune."

"Shekara nawa ina sa hannu a kwanon mutanen nan? Ranar da babu a gidan nan, wa ya ciyar da ni? Yau don an yanka min kaza sai in shige ɗaki in rufe ƙofa? Haba, Rabi. Da wane ido zan kalle su?"

"Da idon mai rai!" ta ce. Ya jawo igiyarsa ya ci gaba da tufka.

A nan ta yi abin da har yau ba ta san ko daidai ne ko kuskure ba. Ta yafa mayafi ta tafi gidan Safiyatu, ta zazzage mata komai, da kuka da faɗa, har da maganganun da ba su kamata ba. Ta ce a gaya wa Malam Yahuza kumatun da yake sheƙi da su jinin amininsa ne. Kafin La'asar magana ta zaga unguwa.

Da Magariba Malam Sale ya fito da kwano kamar kullum, ya buɗe, ya tura tsakiya. Babu hannun da ya motsa. Dattawan nan da ba su taɓa kallon bakin juna ba, yau duk sun zuba masa ido, kowa fuskarsa kamar an yi mutuwa.

"Ci, Malam Sale," in ji Malam Yahuza. "Wallahi ba mu sani ba. Don Allah ka ci."

"Ku sa hannu mana."

"Kai dai ci. Mu mun ƙoshi."

Ya ci, don kunya. Ya tura loma ɗaya, ya tura ta biyu, ana yi masa sannu kamar yaron da ake yaye. A ta uku cikinsa ya juya. Ko tashi bai samu yi ba, ya amayar a kan tabarma, a gaban kowa, kusa da kwanukan mutane. Aka riƙo shi aka shigo da shi. Daga wannan ranar bai sake zama a gindin darbejiya ba, kuma ya daɗe bai yi wa Rabi'atu wata magana da ta wuce eh da a'a ba.

Ta samu abin da ta nema, ga shi a ɗaki, ga ta a gabansa da cokali. Ranar farko da ya buɗe baki ta ga abin da yake ɓoyewa, harshe da dasashi duk sun sale, fari-fari kamar an watsa tafasasshen ruwa. Ta tsinka kunun, ta bar shi ya huce, ta riƙa ba shi a bakin cokali. Wani lokacin ya karɓi uku, wani lokacin ya juya fuska bango. Dariyar nan tasa ta tafi gaba ɗaya. A waje ba ya ci amma yana hira, a ciki kuwa ga ba ci ga ba hira.

Da suka koma Kano aka yi hoto, likita ya kira Zakiyya gefe. A tsawon lokacin da aka dakatar da magani ciwon ya yaɗu, ya kama hanta, jikin kuma ba zai ɗauki wani ƙari ba. Aka ba su maganin rage zafi aka ce su tafi gida. Zakiyya ta tambaya ko da ya ci abinci da ya warke. Likita ya ce ba a sani ba, wataƙila da ya ɗan ja lokaci, wataƙila kuma duk ɗaya. Wannan ba a sani ba ɗin ita take cin Rabi'atu har yau. Da ma ya ce mata eh, ko ya ce a'a, da ta san abin da za ta yi wa kuka.

Ya kwanta, sai ruwa da ɗan romo a bakin cokali. Wata rana da aka kira Magariba ya buɗe ido ya daɗe yana sauraren waje.

"Rabi."

"Na'am, Malam."

"An fitar da kwano?"

Tun ranar amai ba a fitar ba. Ta buɗe baki za ta faɗa, ta dubi fuskarsa, ta fasa. Ta tashi ta tuƙa tuwo da sauri, ta kaɗa miyar kuka irin ta da, mai daddawa da barkono, ta cika kwanon nan ta kai zaure. Ta yi gyaran murya har Malam Yahuza ya leƙo, ta tura masa ba tare da ta ɗago kai ba.

"In ji amininka."

Bayan Isha ta je ɗauka. Tun daga nauyinsa ta gane. Ta ɗaga murfi, malmala tana nan yadda ta kwashe ta, ko yatsa ba a sa ba. Ba wulaƙanci suka yi mata ba, ta sani. Maganarta ce ta tsaya musu a wuya, babu wanda zai iya sake haɗiyar abin da ya fito daga gidan nan.

Daga ɗaki ta ji muryarsa can ƙasa: "Rabi, ya dawo?"

"Ina zuwa, Malam."

Ta nufi bayan rumbu za ta juye wa kaji, sai ta tuna babu kaza ko ɗaya a gidan. Ta tsuguna a wajen, ta sa hannu. Tuwon ya huce, miyar ta daskare, barkonon yana haɗuwa da hawaye yana shaƙe ta, ta yi ta turawa tana haɗiya da ƙyar har ta ga gindin kwano. Ta suɗe shi da yatsa yadda ta ga Malam Yahuza ya yi. Ta goge baki da gefen zani, ta shiga, ta karkata masa kwanon a hasken fitila.

Ya daɗe yana kallo. Sai ga murmushin nan da ta manta kamanninsa.

"Tas," ya ce. "Ai na sani. Kwanonki ba ya kwantai. Gobe ma a fitar."

Ta fitar gobe, ta fitar jibi, kuma kullum a bayan rumbu kwanon yake ƙarewa. Bai ga Juma'ar da ta biyo ba.